Yadda za ka tsara haske da tafiyar shirinka na kai-tsaye

Da farko, zauna ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya. Wanda ya juya wa haske baya, inuwarsa kawai masu kallo za su gani tana magana. In da daddare ne, ajiye fitila ɗaya a gabanka, ɗan sama da kanka, ka karkata ta gefe kaɗan. Na taɓa yin shiri da fitilar silin kaɗai, idanuna suka zurma, har wani ya rubuto yana tambaya ko ba ni da lafiya ne.

Sannan ɗaga kyamara ta yi daidai da idonka. Littattafai uku a ƙarƙashin kwamfuta sun isa. Bayanka kuwa labule mai launi ɗaya, ban da tarkace.

A manhajar watsa bidiyo kai-tsaye ta OBS Studio, wadda kyauta ce, zaɓi matsakaicin ingancin hoto na 720p da hoto 30 a daƙiƙa in intanet ɗinka na jan ƙafa. Gara hoto matsakaici da ke tafiya da mai kyau da ke tsinkewa.

Tafiyar shirin ita ce wuyar aikin. Minti biyu na farko na gaisuwa ne, mutane na shigowa, kada ka zubar da babban batunka a nan. Daga nan duk bayan minti goma ka dakata ka karanta saƙonni, ka ambaci sunan mai tambaya. Maganarka tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta isa gare su, don haka in ka yi tambaya, kurɓi ruwa ka jira amsa.

Kafin ka kashe, faɗi ranar da za ka dawo da ƙarfe nawa.