Yadda Ake Gane Burbushin Halittun Teku na Gaskiya a Kasuwannin Maroko

Duwatsun Anti-Atlas da ke kudancin Maroko ƙasan teku ne a zamanin Kambiriyan, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 539 da suka wuce, kuma laka da yashin da suka kwanta a wancan teku su ne suka daskare suka adana gawar wata halitta mai ɓawo da ake kira tirilobayit. A garuruwan Alnif da Erfoud da Rissani ana sayar da irin waɗannan duwatsu birjik, sai dai jabu ya yi yawa a cikinsu, musamman manyan nan na jinsin Paradoxides, waɗanda tsawonsu kan kai santimita 30.

Da farko mai saye ya san siffar abin da yake nema. Jikin tirilobayit ya kasu gida uku a tsaye, wato tudu a tsakiya da fiffike a kowane gefe, kuma na Kambiriyan galibi a shimfiɗe suke a kan dutse mai launin ƙasa ko ruwan tsatsa. Baƙaƙen nan masu idanu kamar saƙar zuma na wani zamani ne daga baya, Debuniyan, ko da mai shago ya rantse cewa na Kambiriyan ne.

Sai a ɗauki gilashin ƙara girma a duba ɓawon a cikin hasken rana. Masu yin jabu suna zuba narkakkiyar roba a cikin mazubi, kuma idan ta bushe takan bar ƙananan ramuka kamar tsinin allura inda kumfa ta fashe. Dutse na asali ba ya yin haka. A bi gefen halittar da ido a ga ko akwai layin gam da aka shafe da garin dutse, alamar cewa liƙa ta aka yi a kan dutsen. Tsagewa kuwa ba aibi ba ce, domin da guduma ake fasa dutsen kafin a ga abin da ke ciki, saboda haka wanda ya fito sumul ba tabo shi ya fi cancantar zargi.

Idan mai kaya ya yarda, a jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a shafa a wani lungu; in an yi wa abin fenti, fentin zai biyo audugar. Allura mai zafi ma tana nutsewa cikin roba har a ji ƙauri, amma wannan gwajin ya fi dacewa da kayan da mutum ya riga ya biya. Kafin a yi ciniki, a leƙa sauran da ke kan teburin: in an ga biyu ko uku iri ɗaya sak, har da lanƙwasar ƙaya, to mazubi ɗaya ne ya haife su.