Kurakurai wajen lissafin awannin jirgi daga Damagaram zuwa Jidda

Kuskuren da ya fi kama maniyyata da 'yan kasuwar Damagaram yana cikin karanta tikiti. Kowane lokaci da aka rubuta a kai agogon garin da ake magana ne, kuma Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2. In tikiti ya ce tashi daga Yamai ƙarfe 10 na dare, sauka Jidda ƙarfe 5 da rabi na asuba, sai mutum ya ƙirga da yatsu ya ce awa 7 da rabi. Awa 5 da rabi ne. A tafiya ka cire awa 2, a dawowa ka ƙara su. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Ka sanar da mai tarbarka wannan, kada ya kwana a filin jirgi.

Sai masu raba kilomita da gudun jirgi su ce sun gama. Daga Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, babban jirgi kuma yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, to amma sai ya haye sama sosai yake kai wannan gudun. Akwai gangarawa zuwa titin tashi, hawa, saukowa, da jiran izinin sauka, don haka ka ƙara minti 30 zuwa 40. Kuma jirgi ba ya bin zaren da ka ja a taswira. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jirage da dama suna kewaye sararin samaniyarta, alhali nan ce hanyar da ta fi kusa.

Mil ma iri biyu ne: na ƙasa kilomita 1.6, na matuƙa jirgi kilomita 1.85. Duba wanda aka rubuta kafin ka juya shi.

Inda mutumin Damagaram ya fi shan mamaki shi ne nan. Garinmu ya fi Yamai kusa da Jidda, wajen kilomita 3,300 kawai. Wanda zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai baya yake komawa tukuna, kusan kilomita 900 a mota ta Maradi, Ƙonni da Dosso, wuni cur ke nan. Wannan ma cikin tafiyar yake. In kuma tikitin na yada zango ne a Addis Ababa ko Istanbul, awannin zaman jira na iya fin na sama yawa. Tambayi mai sayar da tikiti jimillar lokaci daga tashin farko zuwa saukar ƙarshe, ka bar aƙalla awa 2 tsakanin jirage biyu.

Dawowa kan ɗan fi tafiya tsawo, musamman da hunturu, saboda iskar sama mai ƙarfi daga yamma take busowa. Hazon Disamba zuwa Fabrairu kuma kan hana ƙaramin jirgi sauka a Damagaram, saboda haka kada ka haɗa jirgin cikin gida da na waje rana ɗaya. Isa Yamai da kwana guda a hannu.

Mai umara da zai sauka Jidda kai tsaye ya tuna jirgi yana ƙetare miƙati tun yana sama. Haraminka ya kasance a jikinka ko a jakar hannu, kada ya tafi cikin akwatin da aka auna.