Kana magana waya na rubuta shirme: kurakuran da na fi gani a wayoyin masu lalurar ido da ta hannu

Baffana ya fi shekara talatin yana koyarwa a firamare kafin hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, mutum ne da bai taɓa yarda wani ya rubuta masa ko da wasiƙa ba, to ranar da na je gaishe shi a gidansa nan Fadaman Mada a Bauchi na tarar ya zaunar da jikarsa 'yar aji uku tana rubuta masa saƙon WhatsApp zuwa ga wani abokinsa, kuma maganar bashi ce, abin ya tsaya min a rai sosai. Na ce Baffa ai wayar nan tana rubutu da murya, ku yi magana kawai ita za ta rubuta. Ya ce "ɗana na gwada ya fi a ƙirga, ba ta jin Hausa, abin da take turawa mutane har kunya yake ba ni." Na karɓa na duba. Wayar lafiyarta ƙalau, bakin Baffa ma lafiyarsa ƙalau, saitin ne kawai aka bar shi yadda ya fito daga kwali.

Tun daga ranar duk wanda ke da irin wannan matsala a unguwa ni ake kawo wa, kuma wallahi kusan kullum abubuwa ɗaya ne suke ta maimaituwa.

Babban cikinsu shi ne yare. Mutum yana zuba Hausa, waya kuma an bar ta tana jiran Turancin Amurka, to dole ta ɗauki duk abin da ya faɗa ta nemo kalmar Turanci da ta fi kama da shi ta liƙa. Da yawa har yau ba su san cewa tun ƙarshen shekarar 2024 kamfanin Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 a rubutu da murya na Gboard, wato allon rubutu na Google, da neman abu da murya ba, kuma Hausa na ciki tare da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka na Najeriya. Gyaran ba wuya. Ka fara tabbatarwa allon rubutun da ke wayar Gboard ne, don wasu wayoyin da wani daban suke zuwa, ka shiga Play Store ka sabunta shi, sannan ka buɗe saitinsa ka shiga wajen da aka rubuta Languages ka ƙara Hausa. In ka ƙara kar ka tsaya nan, sai ka danne dogon maɓallin nan na ba da tazara ka zaɓi Hausa kafin ka taɓa alamar makirfo, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, sun sa Hausar amma allon yana kan Turanci. Wanda kuma yake son yin rubutun da Turanci ya zaɓi na Najeriya, ya fi gane harshenmu fiye da na Amurka ko Ingila. Baffa da ya gwada ya ce assalamu alaikum ina kwana ya iyali, aka karanta masa abin da ya fito daidai, sai ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce a ba shi wayarsa.

Sai cakuɗa yare. Mu kam mun saba, jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci, wani ma ya haɗa da Fillanci, ita kuwa na'urar yare ɗaya take bi a lokaci ɗaya, da ka tsallaka sai ta rikice. Ka daure ka tsaya a guda har ka gama saƙon. Sunayen wurare ma suna ba ta wahala, Gwallameji, Zungur, Liman Katagum, waɗannan sai ka faɗe su a hankali kuma ka duba abin da ta rubuta. Ba sai ka koma Kananci ba, ka yi Bausancinka yadda ka saba, kawai dai kar ka haɗiye ƙarshen kalma.

Akwai kuma wanda zai taɓa makirfo ya ga ba abin da ya motsa. Sau da yawa ranar da aka sayi wayar ne ta tambaya ko a bai wa Gboard izinin amfani da makirfo wani ya danna a'a da sauri. Ka shiga saitin manhajoji, ka nemo Gboard, ka shiga wajen izini ka kunna makirfo, haka ma manhajar Google. Wayoyi masu Android 12 zuwa sama wasunsu suna da maɓallin da ke kashe makirfo na waya gaba ɗaya a labulen da ake jawowa daga saman sikirin, yara suna taɓa shi ba su sani ba. Sannan data, a duk wayoyin da suka ratsa hannuna rubutu da muryar Hausa sai da intanet yake yi, don muryar fita take ta je a sarrafa ta a dawo da rubutun, in sabis ya yi rauni za ka ga tana ta juyawa ko ta rubuta rabi ta tsaya. Wannan ba laifin bakinka ba ne.

Ƙura. Wanda ya san hunturun Bauchi ya san abin da nake nufi. Ramin makirfo ɗan ƙarami ne a ƙasan waya kusa da wajen caji, ƙura da zaren aljihu suna toshe shi, wani lokacin kuma robar da aka saya a Wunti ce ba ta dace da wayar ba ta rufe ramin. A goge da busasshen burushin haƙori a hankali, don Allah kar a zura allura ko tsinke, yana huda abin da ke ciki. Na lura kuma masu lalurar ido da yawa suna riƙe waya ta ƙasa da tafin hannu don kar ta suɓuce, sai hannun ya rufe makirfon, wasu kuma suna manna baki a jiki suna ɗaga murya kamar mai kiran wani daga nesa. Tazarar kamar taƙi ɗaya ta isa, da murya irin ta hira. Fanka in tana busowa kai tsaye, janareta, injin markaɗe na maƙwabta, rediyo, duk tana kwashe su. Iyafis mai waya na 'yan kuɗi kaɗan yana maganin rabin wannan, don makirfonsa na kusa da baki.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a kai, wato TalkBack. Ita ce manhajar Android da ke karanta wa makaho abin da ke kan sikirin, a iPhone sunanta VoiceOver kuma tun 2009 take ciki. In TalkBack tana kunne taɓawa ɗaya ba ta buɗe abu, faɗa maka kawai take me ka taɓa, sai ka buga sau biyu sannan ya buɗe, ja sama ko ƙasa kuma da yatsu biyu ne. To ga abin da ke faruwa, mutum ya buga makirfo sau biyu, TalkBack na cikin magana ta sifika, shi ma ya fara tasa, sai muryoyi biyu su shiga tare saƙon ya fito da wasu kalmomi da bai faɗa ba. Ka jira ɗan ƙaran nan da ke nuna ta fara saurare, ka bari muryar ta yi shiru, sannan ka fara. In da iyafis a kunne ma matsalar ba ta tasowa don muryar ba ta fita waje. Masu iPhone kuwa in suna cikin gurbin rubutu, buga sikirin sau biyu da yatsu biyu yana fara ɗaukar murya, a sake bugawa ya tsaya, ba sai an yi ta laluben maɓalli ba.

Bayan an gama kar a tura sai an saurara. Na san muryar da ke karanta Hausa a mafi yawan wayoyin nan ta Bature ce, tana murɗe kalmomi, ƙ da ɗ da ɓ kam ba a magana, da farko har ciwon kai take sawa. A rage mata sauri a saiti, kuma akwai yadda ake sa ta karanta kalma-kalma ko harafi-harafi, Baffa cikin 'yan makonni kunnensa ya saba da ita har yana gane inda aka yi kuskure kafin ni na gani. Ya kuma daina dogon saƙo, jimla biyu ya saurara ya tura, ya sake biyu. In ka ce aya ko waƙafi da Hausa kalmar kawai na ga take rubutawa, gajerun saƙonni sun rufe wannan giɓin.

Lambobi kam a yi hattara. Lambar akawun guda 10 ce, lambar waya 11, in ɗaya ta canza kuɗi na iya tafiya wajen wani. A faɗe su ɗaya bayan ɗaya, a sa waya ta karanta harafi-harafi, ko kuma mafi sauƙi a ajiye lambar akawun a wuri ɗaya a riƙa kwafowa. Lambar sirri ta banki kuwa ba a faɗarta da baki, ko a ɗaki ne balle a cikin Keke Napep ko gaban mai POS. A sa iyafis, kuma TalkBack na da hanyar duhunta sikirin yadda na kusa ba zai ga komai ba, wannan ya kamata a koya wa kowane makaho tun ranar farko. Abin da ke ɓata min rai shi ne wasu manhajojin banki da TalkBack za ta kai kan maɓalli ta ce ba shi da suna, to ta yaya mutum zai san na tura kuɗi ne ko na fasawa? Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, amma har yau akwai masu ƙera manhaja da ba sa tuna cewa makaho ma yana da akawun.

Ba masu lalurar ido kaɗai ba. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Goggo, shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, hannun dama ba ya aiki kuma maganarta ta yi nauyi, tana tsayawa tsakanin kalmomi, ita kuwa makirfo in ta ji shiru na ɗan lokaci sai ta ɗauka an gama ta kashe kanta. 'Ya'yanta sun yanke hukunci cewa abin ba na irinta ba ne. Abin da muka yi, ta fara shirya maganar a ranta, ta faɗi kalma uku ko huɗu, in makirfon ta kashe kanta ta sake taɓawa ta ɗora, rubutun baya ba ya gogewa ai. Masu in'ina ma haka. Muka jingina wayar a jikin kwanon sha a kan tabarma don kar rawar hannu ta dame ta. Sannan muka sauke mata Voice Access, manhajar Google ce da ake juya waya da ita da baki, ba ta jin Hausa amma tana iya sa lamba a kan kowane abu da ke sikirin, kai kuma ka faɗi lambar da Turanci ta danna maka. Goggo ta iya ƙirgen Turanci na yara, kuma shi ke nan abin da ake buƙata. Ranar da ta kira 'yarta da ke aure a Azare da kanta, cewa ta yi "ɗan nan Allah ya yi maka albarka, yau ban jira kowa ya dawo daga makaranta ba." A iPhone irin wannan sunansa Voice Control. Sai dai ƙananan wayoyin nan masu ƙaramin ƙwaƙwalwa suna nauyi da shi, a rage tarkacen bidiyo, kuma a cire TalkBack da Voice Access daga hannun manhajojin tattalin batir da na share waya, don su ne suke kashe su a ɓoye mutum ya wayi gari waya ta yi shiru.

Mu masu lafiya ma muna da namu. Mu tura wa kurma saƙon murya na minti biyar, mu tura wa makaho katin ɗaurin aure a hoto ba ko layi ɗaya na rubutu. WhatsApp ta kawo mayar da saƙon murya rubutu a 2024 amma da harsuna kaɗan ta fara, ba Hausa a ciki. In ka san a guruf ɗinku akwai kurma ka taɓa makirfon Gboard ka yi maganar ta zama rubutu, lokacin ɗaya ne da na bois. In hoto ne ka rubuta rana da wuri da lokaci a ƙasa.

Wanda ya fi ƙona min rai kuwa na masu gyara ne da 'yan uwa masu karɓe waya. An taɓa kai wayar Baffa wajen wani mai gyara don wajen caji kawai, da ya ga yana taɓawa ba ta buɗewa sai surutu, sai ya ce ta kamu da bairos ya yi mata fulashin, lambobi da saiti da duk abin da muka yi wata guda muna gyarawa suka tafi, Baffa ya yi kwana biyu ba ya cikin walwala. Don haka a kunna gajeriyar hanyar nan a saitin TalkBack, danne maɓallan ƙara sauti da ragewa tare na daƙiƙa 3 yana kashe ta, a sake dannewa ta dawo. Mai wayar ne ya kamata ya iya wannan da hannunsa, ya kashe kafin ya miƙa, ya kunna in an dawo masa da ita. A tabbata lambobinsa suna ajiye a imel ɗin Google ba a kan waya kawai ba, kalmar sirrin imel ɗin kuma ya haddace ta. In za a kai gyara a faɗa wa mai gyaran tun kafin ya taɓa, wayar makaho ce, maganar da take yi ba lalacewa ba ce, wajen caji kawai za ka duba.