Yadda Ake Bambance Mahaukacin Kare da Kare Mai Faɗa

1. Tsaya daga nesa. Kada ka matsa don ka gani da kyau, kada kuma ka ruga.

2. Nemi dalilin faɗan. Kare mai lafiya ba ya faɗa haka kawai: ko karya ce mai 'yan kwikwiyo, ko yana gadin abinci, ko an tsorata shi. Yakan yi gurnani da haushi tukuna, in ka ja da baya a hankali sai ya rabu da kai. Mahaukaci kuwa ba gargaɗi, yana kai wa mutum da dabba cizo, har itace da dutse yake tauna.

3. Dubi jikinsa: yawu na dalala, muƙamuƙi a sake, murya ta sauya, yana tangaɗi, ƙafafun baya sun fara shanyewa. Wani ma ba ya faɗa sam, ya yi laƙwas kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Wannan ne ya fi yaudarar masu tausayi. Don Allah kada ka sa hannu a bakinsa.

4. Janye yara, ka sanar da likitan dabbobi. Gwajin ƙwaƙwalwar karen ne kaɗai ke tabbatarwa.

5. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a je asibiti ranar a fara allurar rigakafi, ko da karen ya yi kama da mai lafiya. Da zarar alamu sun bayyana ga mutum, kusan ba a tashi.