Yadda sabon mai lasisin rediyon sha'awa zai karɓi tsohuwar lambar kira

Masu rediyon sha'awa mutane ne da ke hira da juna ta na'urar rediyo ba don kasuwanci ba, kuma kowanne yana da lambar kira, wato haruffa da lambobin da ake gane shi da su a iska. Duk lambar kiran da ake ba su a Najeriya tana fitowa ne daga rukunin 5N da 5O wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta ware wa ƙasar. Idan kana zaune a Kano kuma ka samu lasisi, kana iya sha'awar wata gajeriyar lamba da mai ita ya daina sabuntawa ko ya rasu.

Da farko, ka tabbatar daga hukumar da ta ba ka lasisi cewa lambar ba ta hannun kowa da gaske, domin shirun mutum a iska ba ya nufin ya saki lambarsa. A Amurka, inda lasisi yake shekara 10, hukumar sadarwar ƙasar, wato FCC, tana jira shekara 2 bayan ƙarewarsa kafin ta sake ba wani lambar, sai dai ɗan'uwan mamaci na kusa yana iya nemanta tun kafin nan. Kai kuma, ka rubuta wa hukumar da ta ba ka lasisi buƙatarka a takarda, ka ajiye kwafi.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne tarihin lambar. Ka duba ta a shafin intanet na QRZ, inda ake samun bayanan masu lambobin kira, ka gyara suna da adireshi da zarar ta zama taka, sannan ka rubuta ranar da ka fara amfani da ita a littafin tuntuɓarka. Wata rana katin QSL, wato katin tabbatar da hira ta rediyo, zai iso maka Fagge daga Japan, yana neman shaidar hirar da aka yi tun kafin ka mallaki lambar. Kada ka tabbatar da hirar da ba kai ka yi ba. Ka mayar da amsa cikin ladabi cewa lambar ta sauya hannu.