Yadda na gyara matsalar kik a tsohuwar motata mai fowil

Tun bayan damina motar ta fara gardama. In ka murɗa makulli sai ka ji "ƙas", fitilun dashbod su dushe, shi ke nan. Wani lokacin kuma ta tashi lafiya lau. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, da na kunna manyan fitilu sai allurar zafi ta ɗaga, alhali injin bai yi zafi ba.

Mai rewaya ya ce batir ne, amma mitar auna wuta ta nuna volt 12.6 a kashe, 14.1 in injin na aiki. Da alama ke nan batir da altaneta mai cajinsa ba su da laifi.

Sai na ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na nagatif, ɗayan a jikin injin, ƙanena ya yi kik. Mitar ta nuna kusan volt 2, abin da bai kamata ya wuce 0.3 ba. Na haɗa wuraren biyu da wayar jam, nan take motar ta tashi.

Ashe matsalar wayar at ce, wato wayar nagatif wadda ta taso daga injin zuwa shasi. A ido ƙalau take, amma da na cire kan batir na kwance notin, ƙarƙashinsa duk tsatsa da busasshen laka, silin tagullar ya zama kore yana marmashewa. Ruwan da muke ketawa a hanyar gona ne ya cinye ta.

Na sa sabuwa mai kauri, na goge mazaunin da sanfefa har ƙarfen ya yi fes, na ɗaure tamau, sannan na shafa giris a sama. Allurar zafin ma ta daidaita.