Yadda Ake Ziyartar Tsofaffin Gidaje a Hanyar Zariya Zuwa Damagaram

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano, ko ta Kano zuwa Katsina da Daura, ya sha wuce gine-ginen ƙasa waɗanda suka girmi kakansa ba tare da ya rage gudu ba. Wasu an yi musu yaɓen siminti har kamanninsu sun ɓace, wasu an ɗora musu kwano a kan tsohon soro, wasu kuwa damina kaɗan ta rage musu su zama kufai. Mai son ganin irin waɗannan gidaje da jin tarihinsu yana bukatar shiri dabam da na mai zuwa biki ko cin kasuwa, domin mafi yawansu gidajen mutane ne da ake kwana ake tashi a cikinsu, kuma abin da baƙo zai samu ya dogara kacokan a kan yadda ya shiga wajen masu gidan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wannan tsakanin an gama kaka, hanyoyin ƙauye sun bushe, dattawa sun samu sararin zama a ƙofar gida, kuma da rani ne magina suke gyaran bango da rufi, saboda haka mutum yana iya dacewa ya tarar ana kwaɓa ƙasa, wanda shi kaɗai darasi ne. A yi tafiyar da rana, a kuma tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya a safiyar da za a tashi, tun da labarinsu ya fi na kowa zama sabo. Nisan garuruwan ba shi da yawa: Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 160 ne, Kano zuwa Katsina kimanin 170, Katsina zuwa Daura kimanin 80. Wannan kusancin yana ruɗar mutane su shirya garuruwa uku a yini guda, alhali gida ɗaya tak yana iya cinye hantsi da azahar idan aka yi sa'ar mai gida mai son hira. Ranar Juma'a da tsakar rana da kuma kwanakin hawan salla ba su dace da neman shiga fada ko tsohon masallaci ba.

Kafin mutum ya yi sallama a ƙofar kowa, ya kamata ya fara koya wa idonsa kallo a gidajen da aka buɗe wa jama'a. A Kano akwai Gidan Makama, kusa da fadar sarki, wanda ake danganta asalinsa da Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. A irin waɗannan wurare mutum yana da damar ɗaga kai ya daɗe yana duban rufi, ya yi wa ma'aikata tambaya, ba tare da ya takura wa iyalin kowa ba.

Abubuwan da za a lura da su suna da sunayensu a bakin magina, kuma baƙon da ya san sunayen nan ya fi samun amsa mai ma'ana. Ana ɗora bango ne da tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda aka shanya a rana, shi ya sa tsohon bango yake da kauri sosai a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin soro kuwa azara ce take ɗauke da shi, itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan ƙaramar gaskiyar ita ce mabuɗin fahimtar kowane tsohon ɗaki. Idan aka ga ɗaki mai faɗi, to dole maginin ya yi wata dabara: ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko ya riƙa tura azara daga bango tana hawa kan 'yar'uwarta, ko ya ɗaure bakan gizo daga wannan bango zuwa wancan, ko kuma ya gitta bakuna su haɗu a tsakiya su zama ɗaurin guga. Kowane baka yana cin azara da ƙasa da kwanakin aiki, saboda haka ƙirga bakunan zaure yana nuna ƙarfin aljihun wanda ya sa aka gina shi tun kafin a faɗi sunansa. A waje kuma a dubi zankwayen da ke kusurwoyin soro, da indararon da ke jefa ruwan sama nesa da gindin bango, da irin shafen da aka yi. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin akuya da dafara, kuma inda aka ga laso a kan rufi akwai alamar cewa gidan bai yi nisa da karofi ba ko kuma mai shi yana da halin saye.

Ado ma yana taimakawa wajen sanin zamani. A cikin birnin Zariya akwai fuskokin gidaje da aka zana wa keke ko mota ko agogo a tsakanin dagi da sauran zane na gargajiya, kuma a bayyane yake cewa irin wannan adon bai riga zuwan waɗannan kayayyakin ba, ko da bangon da ke ƙarƙashinsa ya girme shi nesa ba kusa ba. Zariya ce kuma ta fi cancantar a ba ta yini cikakke saboda tsohon masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846. A shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin a cikin sabo, saboda haka daga titi ba a ganin komai. Sai an nemi izini an shiga sannan ake ganin bakunan. Wanda yake da ƙarin kwanaki yana iya karkatawa zuwa Kafin Madaki a jihar Bauchi, inda akwai wani ginin da ake dangantawa da maginin nan.

Shiga gidan da ke da mutane yana da ƙa'ida, kuma a nan ne masu ziyara da yawa suke yin asara. Ba a tsayar da mota a ƙofar gida a fito da kyamara. A fara zuwa wajen mai unguwa, ko dagaci idan ƙauye ne, a gaishe shi yadda ya kamata, a faɗi suna da garin da aka fito da abin da ya kawo mutum, a kuma bayyana tun farko cewa ba ma'aikacin filaye ba ne kuma ba mai neman sayen gida ba, domin wannan ne zargin da yake fara zuwa zuciyar magada idan suka ga baƙo yana auna bangonsu da ido. Galibi mai unguwa zai haɗa baƙo da wani ya raka shi, kuma wannan ɗan rakiyar ya fi kowace takardar gabatarwa amfani. Idan fada ce, ta hannun fadawa ake neman iso, kuma a shirya wa jira. A tafi da goro ko dabino ko turare don dattijon da za a zauna da shi, a kuma tanadi ɗan abin hasafi na wanda ya yi rakiya, amma kada a mayar da hirar ciniki.

Zaure shi ne iyakar baƙo namiji, sai fa in mai gida da kansa ya ce a ƙaraso shigifa. Wannan iyakar tana da babban tasiri ga tarihin da za a samu, domin maza a zaure sukan ba da labarin sarauta da fatauci da malanta, alhali tsofaffin matan cikin gida su ne suka riƙe wa ya auri wa, daga wane gida aka kawo wace amarya, a wane ɗaki aka haifi wane, da kirarin gidan. Don haka ayarin da ya haɗa da mace yana komawa da labarin da ayarin maza zalla ba zai taɓa ji ba. A ganina wannan ita ce shawara mafi muhimmanci ga duk mai shirin irin wannan tafiya.

Wajen tambaya, "Baba, shekarar gidan nan nawa?" ba ta cika haifar da komai ba sai "ai ya daɗe ƙwarai" ko kuma wani adadi da aka faɗa don kada a ba baƙo kunya. Abin da ya fi shi ne a tambayi wanda ya kafa gidan, da inda ya fito, da sana'arsa, da yawan magidantan da suka gaje shi zuwa yau, sannan a tambayi zamanin sarkin da aka yi wani gini ko gyara, tun da dattawa da sarakuna suke lissafi. A Kano, idan aka ce zamanin Abbas, ana nufin 1903 zuwa 1919; zamanin Abdullahi Bayero kuwa 1926 zuwa 1953. A Katsina, zamanin Dikko ya kama daga 1906 zuwa 1944, sai Usman Nagogo daga nan zuwa 1981. Manyan abubuwan da suka faru su ma ma'auni ne: basasar Kano da ta fara a 1893, zuwan Turawa a 1903, isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Sunan unguwa ma shaida ne, domin a birnin Kano unguwanni irin su Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Dandalin Turawa, inda fataken Larabawa suka zauna, suna faɗin asalin waɗanda suka fara kafa su.

Dole ne kuma a bambanta shekarun wuri da shekarun bango. Ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake, wannan ɗakin ya faɗi a tayar da shi, wancan zauren a faɗaɗa shi, saboda haka idan aka ce gida ya shekara 400, mai yiwuwa zuri'ar ce ta shekara hakan a wurin, soron da ake zaune a ciki kuwa kakan mai gida ne ya gina shi. Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, shi kansa haka yake: harsashinsa na ƙarni na 15 ne, amma sarakunan da suka biyo baya kowa ya rushe ya ƙara. Akwai kuma batutuwan da ba a matsa wa mutane a kansu, musamman asalin bauta, da ɓangaren da kakanni suka bi a lokacin basasa, da rigimar gado. Idan dattijo ya kawar da zance, a bi shi inda ya nufa.

Wani lokaci, idan hira ta yi daɗi, mai gida yakan sa a ɗauko gafaka ko tsohuwar adaka. A ciki akan samu wasiƙun ajami, da rasiɗan haraji, da takardun rabon gado daga kotun alƙali, da littattafan rubutun hannu waɗanda marubucinsu yakan sa sunansa da shekarar Hijira a shafin ƙarshe. Don sauƙin lissafi, shekarar 1321 ta Hijira ta fara ne a cikin 1903. A nemi izini kafin ɗaukar hoton kowace takarda, a riƙe ta da busasshen hannu, kada a roƙi aro, kada kuma a yi tayin saye. Dokar Nijeriya ma ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izinin hukuma ba. Haka nan ba a ɗaukar hoton mata ko tsakar gida sai da yardar masu shi, kuma yardar ɗauka dabam take da yardar sakawa a Facebook.

A Katsina, hasumiyar Gobarau da Gidan Korau, wato fadar sarki, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, duk ana iya zagaya su a yini guda. Daura kuma tana da rijiyar Kusugu da tsohuwar fada. Daga Daura hanya ta miƙe arewa ta Kwangwalam da Matamaye zuwa Zinder, wato Damagaram, amma a binciki halin da iyaka take ciki da takardun mota da na mutum da ake bukata kafin a tashi, a kuma canji sefa. Zinder ta cancanci wahalar, domin ita ce hedikwatar Nijar ta mulkin mallaka har zuwa 1926, kuma unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da unguwar Zango ta fatake suna da fuskokin gidaje masu ado da launi waɗanda za a iya gwada su da na Zariya a ga inda hannun magina ya yi daidai da inda ya saɓa.

A rubuta abin da aka ji a daren ranar, tare da sunan wanda ya faɗa, da matsayinsa a gidan, da kwanan wata, a kuma zana taswirar gidan ko da da biro ce, a nuna zaure da shigifa da inda alƙibla take. Bayan an dawo, sai a gwada labarin da abin da ke rubuce. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da rahotannin jami'an mulkin mallaka a kan gundumomi, waɗanda sukan kawo jerin hakimai da dagatai da sana'o'in gari, kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, yana nan cikin garin. Inda takarda ta saɓa da abin da dattijo ya faɗa, a ajiye duka biyun a jere kowanne da madogararsa, domin jami'in da ya rubuta rahoton shi ma ta bakin tafinta ya ji. Sannan a wanke hotunan da aka ɗauka, a rubuta sunan gidan da shekara a bayan kowanne, a aika wa masu gidan nasu kwafin ta hannun mai unguwar da ya yi iso.